Tambaya da Amsa: Sabunta takardar magani a asibitin likitan iyali a Birtaniya

Wasiƙun wannan makon daga masu karatunmu mazauna Birtaniya suka zo, kuma duk a kan magungunan da ake sha a kai a kai ne. Likita da masanin harhaɗa magunguna na wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗora ni a kan maganin hawan jini, aka ce kullum zan riƙa sha. Ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. Sai na sake neman ganin likita ne, ko yaya ake yi? (Wata mai karatu, Mancesta)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba sai kin ga likita ba, muddin likitan iyalinki, wato GP, ya saka maganin a jerin magungunanki na maimai. Amma ki sani ba ya zuwa da kansa. Duk lokacin da kike buƙata sai kin nema, kuma sai likita ya duba ya sa hannu.

Hanya mafi sauƙi a Ingila ita ce manhajar NHS, wato hukumar kula da lafiya ta ƙasa, a wayarki. Ki shiga ɓangaren magunguna, za ki ga jerin, ki zaɓi wanda kike so, ki tura. Wasu asibitocin suna da fom a shafinsu na intanet. Idan kuma takarda kika fi so, akwai farar takarda da kemis ke ba ki tare da magani mai ɗauke da jerin magungunanki. Ki yi alama a gefen wanda kike buƙata, ki jefa a akwatin da ke ƙofar asibitin. Da yawa daga cikin asibitocin ba sa karɓar odar magani ta waya, domin sunayen magunguna suna kama da juna, kuma kuskuren ji a nan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ki zaɓi kemis guda ɗaya ki yi rajista da shi. Da zarar likita ya sa hannu, takardar za ta tafi can ta kwamfuta, ba sai kin je asibiti ɗaukarta ba.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne lissafin kwanaki. Asibiti yakan ɗauki kwana 2 zuwa 5 na aiki, kemis kuma ya ƙara nasa kwana 1 zuwa 3 kafin ya haɗa. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi. Idan kika tura ranar Juma'a da yamma, babu wanda zai duba sai Litinin, a sa hannu Laraba ko Alhamis, magani ya zo hannunki Juma'a in an yi sa'a. Mako guda ya tafi ke nan. Saboda haka ki nema tun kina da sauran na kwana 10, kada ya gaza na kwana 7. Lokacin Ista, da ake rufewa daga Juma'a har Litinin, da lokacin Kirsimeti, ki ƙara wasu kwanakin a kai. Kada kuma ki yi gaggawar nema tun saura mako uku, domin kwamfuta tana nuna ranar da aka ba ki na ƙarshe, kuma za a iya mayar da buƙatar.

Idan aka ɗauki lokaci maganinki bai canza ba, ki tambaya ko za a rubuta miki na watanni da yawa a lokaci guda. Akwai tsarin da likita ke sa hannu a kan na tsawon wata 6 ko 12, ya ajiye a kemis, ke kuma ki riƙa zuwa kina karɓar na wata-wata ba tare da kin sake nema ba.

Tambaya: Na shiga manhaja na ga maganina ya ɓace daga jerin. Da na yi magana sai aka ce sai na zo an duba ni. Shekara huɗu ina shan wannan magani, mene ne na wahalar da ni? (Wani magidanci, Lidis)

Amsa: Malam, mun fahimci ɓacin ranka, amma wannan dubawar don kare lafiyarka ake yin ta. Kowane maganin maimai yana da adadin sau nawa aka yarda a bayar, ko ranar da za a sake dubawa, galibi sau ɗaya a shekara. Idan lokacin ya cika, kwamfuta takan kulle shi.

Jiki yana canzawa ko da magani bai canza ba. Mai shan maganin hawan jini na ramipril ko ire-irensa yana buƙatar gwajin jini don a ga lafiyar ƙoda da yawan sinadarin potasiyom. Mai shan levothyroxine, maganin tayirod na maƙogwaro, ana auna masa jini a shekara don a tabbatar adadin bai yi yawa ko kaɗan ba. Methotrexate da lithium sun fi tsanani, gwajinsu duk bayan 'yan watanni ne, kuma likita na da hujjar rage yawan abin da zai rubuta idan ba a yi gwajin ba. Masu asma ma haka: binciken da aka yi a Birtaniya a 2014 kan mutuwar masu asma ya ba da shawarar a kira duk wanda ya karɓi shuɗin abin shaƙa na sauƙaƙa numfashi fiye da 12 a shekara a duba shi da gaggawa, domin yawan buƙatarsa alama ce ta cewa ciwon bai kwanta ba.

Ka karɓi ranar da aka ba ka, sannan ka gaya musu adadin ƙwayoyin da suka rage maka. Yawanci za a rubuta maka ɗan abin da zai kai ka ranar. Sau da yawa ma ba likita ne zai gan ka ba, masanin magunguna ne na asibitin ko nas, wani lokaci ta waya.

Akwai wani dalilin da ke sa a nemi magani a jerin a rasa. Idan babban asibiti ne ya fara ba ka shi, ba zai shiga jerin ba sai wasiƙarsu ta iso wa likitan iyali an karanta an saka. Ka kai kwafin takardar sallamarka da kanka, kada ka jira.

Tambaya: Ranar Asabar na farga maganin farfaɗiyar ɗana ya ƙare, asibiti kuma a rufe. Idan haka ta sake faruwa me zan yi? (Wata uwa, Landan)

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Kada ki jira Litinin. Maganin farfaɗiya, insulin, magungunan hana daskarewar jini, prednisolone da aka daɗe ana sha, da wasu magungunan zuciya da na damuwa, ba a yanke su lokaci guda.

Ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya ta NHS, ko ki shiga shafinsu na intanet ki zaɓi neman magani na gaggawa. Za su tura ki kemis da ke buɗe. Kina iya zuwa kemis kai tsaye ma, riƙe da tsohon kwalin maganin ko farar takardar jerin. Doka ta ba masanin magunguna damar bayar da na gaggawa har na kwana 30 idan ya gamsu cewa an saba rubuta maganin kuma buƙatar ta gaske ce, sai dai ta wannan hanyar za a iya cajin ki kuɗi. Magungunan da doka ta tsaurara a kansu, irin su morphine, tramadol, pregabalin da gabapentin, ba a bayar da su haka, dole sai da takardar likita. Idan farfaɗiya ta kama ɗanki ta wuce minti 5 ba ta sake shi ba, 999, lambar agajin gaggawa, za ki kira.

Tambaya: Magani uku nake karɓa duk wata, kuɗin ya fara yi mini nauyi. Akwai sauƙi? (Wani ɗalibi, Bamingham)

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma abin takaici ne yadda mutane ke biyan abin da bai kamata su biya ba. A Ingila kowane magani guda fam 9.90 ne tun watan Mayun 2024. Naka uku a wata sun kama fam 356.40 a shekara. Akwai katin biyan kuɗi tun gaba da ake kira PPC: na wata 3 fam 32.05, na wata 12 fam 114.50, kuma ya rufe duk magungunan da aka rubuta maka komai yawansu. Na shekarar ana iya biyansa kashi 10 ta banki. Duk mai karɓar magani 4 a wata uku, ko 12 a shekara, katin ya fi masa araha.

Kafin ka saya, ka duba ko kana cikin waɗanda aka yafe wa: 'yan ƙasa da shekara 16, 'yan 16 zuwa 18 da ke karatu na cikakken lokaci, masu shekara 60 zuwa sama, mai juna biyu ko wadda ta haihu cikin wata 12 da suka wuce, da masu wasu cututtuka kamar ciwon sukari da ake sha wa magani, farfaɗiya, kansa, da ƙarancin aikin tayirod na maƙogwaro. Hawan jini da asma ba sa ciki. Zama ɗalibin jami'a kaɗai ma ba ya sa a yafe, amma akwai tsarin masu ƙaramin ƙarfi da ake nema da fom HC1.

Abin lura a nan: ciwon ba shi ne ke yafe kuɗin ba, takardar shaida ce. Mai ciwon sukari sai ya cike fom FP92A a asibiti an ba shi shaida, wadda ke aiki shekara 5 sannan a sabunta. Wanda ya yi alamar cewa an yafe masa alhali ba shi da shaida mai aiki, ana iya cin sa tarar da ta kai fam 100 bayan kuɗin maganin. A Sikotilan, Wels da Ireland ta Arewa kuwa ba a biyan komai.

Tambaya: Zan yi tafiya ta wata huɗu zuwa ƙasar waje. Za a ba ni maganin da zai ishe ni? (Wani dattijo, Bradford)

Amsa: Baba, Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da aka saba rubutawa shi ne na wata 3, shi ma sai likita ya ga babu haɗari. Ragowar sai ku nema a can, don haka ku tafi da jerin magungunanku da sunayensu na asali da adadin da kuke sha, domin sunan kamfani yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ku sanar da asibiti mako 3 ko 4 kafin tafiyar, ku rubuta dalili da ranakun, in ba haka ba za a ɗauka kun nema da wuri ne a mayar.

Ku bar magani a kwalinsa na asali, ku riƙe shi a jakar hannu. Insulin yana iya daskarewa a ɗakin kayan jirgi, in ya daskare kuwa ya lalace. Idan akwai tramadol ko codeine a ciki, ku nemi wasiƙar likita, ku kuma tambayi ofishin jakadancin ƙasar, domin wasu ƙasashen, irin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna da tsauraran dokoki a kansu. Ana iya cajin ku kuɗin wasiƙar.

Tambaya: Ni nake kula da magungunan mahaifiyata, guda bakwai, kowanne da ranar ƙarewarsa. Wannan watan kuma an ba ta wata ƙwaya mai launi daban. Kuskure ne? (Wata mai karatu, Lesta)

Amsa: Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Ki ƙirga abin da ya rage na kowanne a rana ɗaya, ki rubuta, ki kai asibiti ki ce a daidaita mata su. Za a rubuta wasu da ɗan ƙari, wasu da ɗan ragi sau ɗaya, daga nan duk su riƙa ƙarewa tare. Ki kuma nemi izinin wakilci, da yardar Hajiya, don ki riƙa nema mata daga manhajarki.

Canjin launi galibi canjin kamfani ne kawai. Ki duba sunan maganin da ƙarfinsa a jikin kwali, idan sun yi daidai da na da, shi ne. Amma lithium, wasu magungunan farfaɗiya kamar phenytoin da carbamazepine, da magungunan masu dashen ƙoda kamar tacrolimus, ana so a tsaya a kan kamfani ɗaya, don haka in ɗaya daga cikinsu ne ki yi magana kafin ta sha. Ki riƙa buɗe ledar kina dubawa tun kina cikin kemis, domin maganin da ya fita ƙofa ba a ba wani shi, lalata shi ake yi ko da ba a buɗe ba. Wanda take sha sai buƙata ta taso, kamar na ciwon jiki, kada ki nemi sabo idan akwai saura a gida. Idan kuma kemis ya ce wani maganin ya yanke, ki ce ya saki takardar ya ba ki lambarta, ki kira wasu kemis ɗin ki ji wanda yake da shi. In duk babu, ki koma asibiti a rubuta mata madadinsa.