Za mu sauya uwar garke a shago, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna sayar da shinkafa, sukari da man girki a sari kusa da babbar kasuwar Maradi. Kwamfutoci 7 gare mu tsakanin ofis da sito, duk a jingine da wata tsohuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananmu, mai Windows Server 2012, kuma lissafinmu, da muke yi da manhajar Sage, yana cikinta. Alhaji ya sayo sabuwa ya ce in kwashe komai in mayar. Tsorona kada bashin da muke bin mutane ya salwanta.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Alhaji ya yi dabara, domin tun 10 ga Oktoba 2023 Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga Server 2012. Tsoronka kuma yana kan hanya.

Kafin ka taɓa sabuwar, kwafe komai na tsohuwar zuwa faifan waje guda biyu, ɗaya ya kwana a gidan Alhaji. Sannan, don Allah, ka gwada kwafin. Ɗauki wata kwamfuta ka dawo da shi a kanta, ka buɗe Sage, ka nemo sunan wani abokin ciniki daga Katsina ko Damagaram, ka duba ko abin da ake binsa ya yi daidai da na littafi. Na taɓa zuwa wani shago inda suka shekara biyu suna jona faifai kowace yamma, fitilarsa na ƙyaftawa, kowa hankalinsa kwance. Ranar da muka buɗe, babu komai ciki sai aljihunan fayil wayam. Har yau ina tuna yadda mai lissafin ya riƙe kai.

Sage ne wurin da ake yawan faɗuwa. In naku yana aiki da SQL Server, wato manhajar da ke ajiye masa bayanai, kada ka ja fayilolinsa da hannu alhali yana kunne, kwafin zai iya fitowa a gurguje. Yi ajiyar daga cikin SQL Server ɗin, bayan kowa ya fita daga manhajar. Ka kuma tuntuɓi wanda ya sayar muku da lasisi tun da wuri, saboda tsohon Sage ba lallai ya yarda ya hau sabon Windows ba.

Sauran fayiloli ba su da wuya. Robocopy, manhajar kwafi da ke cikin Windows, tana iya kwashe su tare da izinin kowa in ka umarce ta, don kada yaron sito ya wayi gari yana ganin takardar albashi. In kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa yake shiga kowace kwamfuta, to da alama kuna da Active Directory, wato tsarin Windows mai riƙe sunayen masu shiga. Haɗa sabuwar uwar garken cikinsa tukuna, ka miƙa mata ayyuka 5 na shugabancin tsarin da ake kira FSMO, da DNS mai fassara sunan kwamfuta zuwa adireshinta, da DHCP mai raba wa kwamfutoci adireshi, kafin ka sauke tsohuwar daga muƙaminta.

Wani abu da ake mantawa shi ne firinta. Tsofaffi masu aika hoton takarda cikin uwar garke da yawa da SMB1, wata tsohuwar hanyar musayar fayil, suke magana, sabon Windows Server kuwa a kashe yake zuwa da shi saboda rauninsa. Sabunta firintar ya fi sake buɗe wannan ƙofa.

Kada ka yi aikin ranar Litinin ko Juma'a da kasuwa ke ci. Fara Asabar da yamma, Lahadi ka yi gwaji. Ka tanadi batirin riƙe wuta, domin ɗaukewar lantarki ana tsakar kwafi ɓarna ce babba. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu ma ba sa raga wa na'ura, ka ɗora ta kan tebur a ɗaki mai sanyi.

Tsohuwar kuwa, kashe ta ka cire mata waya, amma kada a goge ta ko a sayar sai kun rufe lissafin wata guda cif a kan sabuwar.