Ku Tambaya Mu Amsa: Na biya kuɗin talla, layik ya taru, ciniki shiru

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan talla a intanet suka tsaya, sai guda ɗaya daga wani matashi mai son kafa kamfani. Kamar kullum na sakaya sunaye, na bar gari da sana'a kawai.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce a Kano, ina saida atamfa da leshi da turaren wuta a Instagram da WhatsApp. Watan jiya na danna Boost, wato maɓallin biyan kuɗi don a yaɗa hoto ga mutane da yawa, na sa dubu 15, wallahi layik ya taru kamar me, har da wasu 'yan ƙasashen waje da ban san ta ina suka ganni ba, amma ko mutum ɗaya bai saya ba, sai masu "nawa ne" daga nan su ɓace. Ɗana ya ce in bar Instagram in koma Google wai can ne talla na gaske. Don Allah a ba ni shawara kar in ƙara asara.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Kar ki koma Google tukuna, kayanki ba irin na can ba ne, kuma bari in faɗa miki dalili. Wanda ya buɗe Google ya rubuta abu, kamar mutumin da ya shigo Kantin Kwari ne da kuɗinsa a aljihu yana tambayar layin 'yan shadda, ya riga ya san abin da ya fito nema. Mai latsa Instagram kuwa yana zaune a gida ne mai talla ta yi sallama ta buɗe ƙullin kaya, bai fito sayen komai ba, ido ne zai gani rai ya biya. To atamfa da leshi ido ke sayensu, mace ba ta san tana son wannan zanen ba sai ta gan shi a jikin wata, don haka kina inda ya dace, yadda kika saita tallan ne bai yi ba.

Injin tallan Meta, wato kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp gaba ɗaya, abin da kika roƙa shi yake kawo miki, ba ya ƙari ba ya ragi. In kika bar shi a kan neman masu kallo ko masu ziyartar shafi, zai je ya tattaro miki mutanen da ɗabi'arsu ce danna layik a kan duk abin da ya gifta, don su ne mafi arha a wajensa, in kuma ba ki ƙayyade gari ba sai ya watsa tallan duk inda kuɗin zai fi auki. Shi ya sa kika ga baƙin fuskoki. Nan gaba in za ki yi, zaɓi burin saƙonni, wato wanda ya danna ya faɗo kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki, ki sa Kano kaɗai ko ki ƙara garuruwan da kika san kina iya aika kaya a mota ba wahala irin su Kaduna, Katsina, Dutse, ki sa mata, ki sa shekarun da kika san su ne ke miki ciniki. Sannan don Allah ki rubuta kuɗin kaya a jikin hoton. Na san da yawa cikin 'yan kasuwarmu ba sa so, wai kar 'yan adawa su gani su karya farashi, amma ɓoye kuɗin nan shi ke tara miki masu "nawa ne", kina biyan kuɗi don su zo su tambaya su tafi. Wadda ta ga kuɗi ta kuma yi magana, ita ce mai saye.

Kuma kar ki zuba dubu 15 a hoto ɗaya. Raba shi uku, bidiyo gajere kina warware atamfar a hasken rana, hoton wata ta ɗinka ta saka in ta yarda, da hoton kaya zalla, ki bar su kwana huɗu ko biyar ki ga wanne ya kawo saƙo. Lissafin da za ki riƙa yi ɗaya ne: nawa na kashe, mutum nawa suka biya. A ce kin kashe 5,000 mutum biyu suka saya, ribar kowane turmi 2,000, kin ga ba ki mayar da kuɗinki ba sai in sun dawo karo na biyu, ko da layik dubu ne a ƙarƙashin hoton.

Abu biyu da ke cin kuɗi mutane ba sa lura. Tun Janairun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan Facebook da Instagram a Najeriya. Na biyu, in iPhone gare ki kika yi Boost daga cikin manhajar, akwai kashi 30 na Apple da ke hawa kai, wanda in kika shiga ta burauza ko ta kwamfuta kika biya a can ba za a caje ki shi ba.

Sai nasiha ɗaya da nake yi wa duk mai kasuwa a soshiyal midiya, ki samu littafi ki riƙa rubuta lambar duk wadda ta taɓa saya a wajenki da abin da ta saya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda kusan awa shida a duk duniya, a shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022, masu kasuwa a can sun ji jiki. Shafin ba naki ba ne, lambobin da ke littafinki su ne naki.

TAMBAYA: Malam ni ina haɗa sola da inbata a Kaduna, ina da yara uku da muke aiki tare. Ina jin ana cewa Google Ads, yaya abin yake aiki ne, kuma dole sai ina da gidan yanar gizo?

AMSA: Yawwa malam, kai ne Google ya dace da kai, don babu mai sa sola saboda ya ga hoto ya burge shi, sai wuta ta ishe shi ya ɗauki waya ya nema. Amma kafin ka kashe ko sisi ka buɗe Google Business Profile, kyauta ne, shi ne ke sa shagonka ya fito a taswira da lambar wayarka da lokacin buɗewa da hotunan aikinku. Duk wanda kuka yi wa aiki ya ji daɗi ka roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa a can. Masu sana'ar hannu da yawa wannan kaɗai ya ishe su.

Shi tallan kansa gwanjo ne, kuma gwanjon ana yinsa ne duk lokacin da wani ya yi bincike, cikin ƙiftawar ido. Kai za ka zaɓi kalmomin da kake so tallanka ya fito a kansu, ka faɗi iyakar abin da za ka iya biya in an danna, wasu masu sola su ma sun faɗi nasu, sai Google ya jera ku. Ba a cajinka don an ga tallan, sai an danna. Wannan dabara ba Google ya ƙirƙiro ta ba, wani Ba'amurke ne Bill Gross ya fara ta a 1998 da kamfaninsa GoTo.com, wanda ya koma Overture, Yahoo ya saye shi a 2003. Google ya buɗe nasa a Oktoban 2000 da sunan AdWords da masu talla kusan 350, sai a 2018 aka mayar da sunan Google Ads. Abin da ya sa nasu ya yi zarra shi ne ba kuɗi kaɗai suke dubawa ba, suna duba ko tallan ya dace da abin da mutum ya nema, ko mutane na danna shi, da kuma ko shafin da ya kai su yana da amfani, har maki suke bayarwa daga 1 zuwa 10. Ma'ana ƙaramin mai sana'a da ya rubuta tallansa daidai da buƙatar mai nema zai iya hawa kan babban kamfanin da ya fi shi kuɗi, kuma ya biya ƙasa da shi. Wannan ne ya sa nake ƙarfafa wa irinku gwiwa.

Inda ake asara kuwa wajen zaɓen kalmomi ne. In ka sa kalmar sola ita kaɗai, ɗalibin da ke neman bayani don jarrabawa zai danna, mai neman aiki zai danna, mai son koyon haɗawa da kansa zai danna, duk kai ke biya. Cikin asusun Google Ads akwai Keyword Planner, zai nuna maka abin da mutane ke rubutawa da kiyasin yawansu da kuɗin dannawa, akwai kuma Google Trends kyauta da ke nuna lokacin da nema ke tashi da jihar da ya fi yawa. Ka tuna yawancin mutanenmu da Turanci suke bincike ko da Hausa suke magana a gida, don haka ka bi yadda suke rubutawa. Ka zaɓi jimloli masu nuna niyyar biya, irin masu haɗe da farashi ko sunan gari, sannan ka cika jerin kalmomin da ba ka so, kamar kyauta, aiki, koyo, kwas. Duk sati ka buɗe rahoton ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su danna ka, za ka sha mamaki, abin da bai shafe ka ba ka toshe shi.

Wajen saita wuri ka kula, Google kan haɗa har da waɗanda suka nuna sha'awar Kaduna ko da ba sa cikinta, ka canza shi zuwa waɗanda ke cikin garin. Kasafin rana ma ka sani wata rana yakan kashe har ninki biyu na abin da ka sa, amma a wata ba ya wuce kasafin ranar sau 30.4. Batun gidan yanar gizo, shafi ɗaya ma ya isa in dai yana buɗewa da sauri a waya, da hotunan aiki, da kuɗi ko kiyasinsa, da maɓallin kira. Kuma ka saita tallan ya riƙa fita lokacin da akwai mai ɗaga waya.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Na gama digiri a kimiyyar kwamfuta, ni da abokina muna son gina dandalin sada zumunta na Hausawa zalla kamar Facebook. Ina za mu samu masu zuba jari?

AMSA: Ƙanena, Allah ya sa albarka a karatu, kuma ina son wannan himma taku shi ya sa zan faɗa maka gaskiya. Rubuta manhajar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mutum yana zama a dandali ne saboda 'yan'uwansa da abokansa suna can, ranar da ya shiga naku ya tarar ba kowa zai fita ba zai dawo ba. Google da duk kuɗinsa ya buɗe nasa dandalin sada zumunta Google+ a 2011 ya rufe shi a 2019. Wani dandalin, MySpace, da aka saya dala miliyan 580 a 2005, a 2011 kusan miliyan 35 aka sayar da shi. Mu nan ma mun ga yadda manhajar hira ta 2go ta cika ta batse sannan aka watse aka bar ta. Harshe kaɗai kuma ba zai jawo muku jama'a ba, tun 2016 ana iya mayar da Facebook Hausa, kuma Hausawa sun riga sun mayar da TikTok da WhatsApp gidansu. Ga kuɗin ajiye hotuna da bidiyo da dala ake biyansa tun kafin ku samu talla ko ɗaya, ga aikin tace batsa da zagi da labaran ƙarya wanda sai da mutane.

Dubi Paystack. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun fara a 2015 da matsala ɗaya tak, yadda ɗan kasuwa a Najeriya zai karɓi kuɗi ta intanet ba wahala, suka shiga Y Combinator, shirin tallafa wa sababbin kamfanoni na Amurka, a 2016, a 2020 kamfanin karɓar kuɗi ta intanet mai suna Stripe ya saye su sama da dala miliyan 200. Abin da suka gyara abu ne da mutane ke shirye su biya a kansa tun ranar farko. Irin wannan matsalolin cike suke a wajenmu: mai hatsi a Dawanau da ke son sanin farashi da samun mota, masu adashi da ke lissafi a takarda, makarantun Islamiyya da ke fama da karɓar kuɗin wata, masu kemis da lissafin kaya. Ku je ku zauna da mutum ashirin masu sana'a ɗaya ku saurare su, ku gina ƙaramin abu, in goma suka yarda suka biya ko da dubu ɗaya ne a wata to kun samu abin nuna wa mai jari. Ku yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku karanta dokar sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a Oktoban 2022 wadda NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ke kula da aiwatar da ita, akwai tanadin rangwamen haraji ga waɗanda aka yi wa rajista a ƙarƙashinta. Kuma kai da abokinka ku rubuta rabon kowa a takarda tun yanzu da babu kuɗi.

TAMBAYA: Ina da bulog na labarai na sa AdSense, tsarin Google da ke sa talla a shafin mutum ya biya shi, wani ya ce in sa abokai su riƙa danna tallan don kuɗi ya taru da wuri. Akwai matsala?

AMSA: Akwai babba. Kuɗin da ake biyanka daga aljihun mai talla yake fitowa, irin malamin solar nan na sama, in abokanka suka danna ba da niyyar saye ba haƙƙinsa kuka ci. Google kuma yana gane irin wannan dannawar, yakan cire kuɗin ko ya rufe asusun gaba ɗaya, kuma wanda aka rufe wa da wuya ya sake samu. Ba a fitar da kuɗi sai sun kai dala 100, kafin nan za su aiko maka da lambar sirri ta gidan waya don tabbatar da adireshinka, saboda haka ka duba adireshin da ka rubuta tun yanzu, in ba wanda wasiƙa za ta iya isa ba ne ka gyara shi.