Amsa kan Šarlo Akrobata

Salamu alaikum jama'a. To ƙanena, na ji saƙonka. Kana tambayar su waye Šarlo Akrobata, ƙungiyar kiɗan rok ta Belgrade, da ka gani a jikin rigar ɗan Sabiyan nan abokin aikinka, kuma me ya sa yake ta kambama su alhali faifai ɗaya tak suka yi. Amma ni na san inda tambayar ta dosa. Mamaki kake yi yadda aka yi kiɗan rok a ƙasar 'yan gurguzu. To bari in fara da wannan, don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yugoslabiya, ƙasar da Sabiya take ciki a lokacin, fa ba Rasha ba ce! Na faɗa a gidan nan har bakina ya gaji, amma da an ce gurguzu sai a haɗa kowa a kwando ɗaya. Tun 1948 shugabansu Tito ya raba gari da Stalin na Tarayyar Sobiyet. A Belgrade aka yi taron farko na ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a 1961. Mutanensu suna da fasfo, suna zuwa Jamus ta Yamma neman kuɗi, suna tsallakawa Trieste a Italiya su sayo wandon jins da faifai. Kamfanin Jugoton na Zagreb yana buga faifan mawaƙan Ingila da Amurka da izini, a sayar a shago kowa na gani. To yaron da ya tashi a haka, me zai hana shi jin abin da ake kaɗawa a Landan? Kwanaki wani a nan ya dage wai jita ma a ɓoye suke riƙewa. Haba! Kai, bar wannan dai.

Su uku ne. Milan Mladenović a kan jita da waƙa, Dušan Kojić da ake ce wa Koja a kan bes, wato jita mai kaurin amo, sai Ivan Vdović, VD, mai ganguna. Da can sunan ƙungiyar Limunovo Drvo, sai a Afrilun 1980 suka share fage wa Pankrti, 'yan kiɗan fank (punk) na Sulobeniya, a SKC, wato cibiyar al'adu ta ɗalibai a Belgrade, kuma a wannan lokacin ne suka sauya suna. Sunan kuma na Charlie Chaplin ne, haka ake kiransa a can a zamanin da. Ka lura da lokacin: Tito ya rasu 4 ga Mayu 1980. Wato sun fito ne daidai sanda ƙasar ba ta san inda za ta sa gaba ba.

Kuma batun faifai ɗaya, eh, nasu na kansu ɗaya ne, amma abokin naka ya tsallake Paket aranžman. Faifan haɗaka ne na 1981, su da Idoli da Električni Orgazam, waƙoƙinsu huɗu a ciki. Shi ne ya buɗe ƙofar sabon salon kiɗan nan da ake ce wa new wave a Belgrade. Daga baya a shekarar suka fitar da nasu, shi ma Jugoton ce ta buga, kamfanin Zagreb, ba na garinsu ba. Kiɗan kuwa wani iri ne, fank da rege da hayaniya duk a cakuɗe, ganguna na tafiya kamar jaz. Ban ce zai yi maka daɗi a jin farko ba. A littafin da aka yi a 1998 na faifai 100 mafiya kyau na Yugoslabiya, haɗakar nan ce ta 2, nasu kuma na 11.

Me ya raba su? Zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Milan yana son baiti mai ma'ana da karin da zai zauna a kunne. Koja kuwa bes da ganga yake so su yi ta rugugi, kalmomi kaɗan a yi ta nanatawa. Sun je rangadi Poland, suka dawo, suka yi wasan ƙarshe a Ljubljana ta Sulobeniya a Oktoban 1981, kowa ya kama gabansa. Shekara ɗaya da rabi ke nan.

Ni a ganina rabuwar ce ma ta ɗaga su. Milan ya kafa Katarina II, wadda ta koma Ekatarina Velika, EKV, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar baki ɗaya. Koja ya kafa Disciplina Kičme, da farko ko jita babu, bes ne da ganguna. Duk wanda ya ƙaunaci ɗaya daga cikin biyun nan sai ya koma baya neman tushe. VD ya rasu a 1992, Milan a 1994 yana da shekara 36, sankara ce ta ɗauke shi.

Akwai kuma abin da Milan ya yi a 1992, shi da wasu mawaƙa suka hau bayan babbar mota suna zaga titunan Belgrade suna waƙar ƙin yaƙi, amma wannan sai na shiga labarin wargajewar ƙasar, muryar kuma ta yi tsawo. Sai wani jiƙon.