Amsa kan katin bikin da rubutu ya ƙi shiga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Wannan amsar ƙanenmu ce, wanda ya ce an kawo masa katin biki A5, rubutu ya yi yawa har akwatin rubutu a manhajar zane ta CorelDraw ya yi ja, yana tambaya ko ya kama gefe ya matse shi.

A'a ƙanena, don Allah kar ka matse. Harafi in ya rame, duk wanda ya riƙe katin zai gane aikin gaggawa ne.

Ka ga A5 ɗin nan milimita 148 ne a faɗi, 210 a tsawo, kuma ba duka ne naka ba. Sai ka bar kamar milimita 5 ta kowane gefe, saboda wuƙar yanka ba ta sauka wuri ɗaya kullum.

To, tun kafin ka taɓa girman harafi, kira mai bikin tukuna. Sau da yawa za ka tarar kamu, sa lalle da walima duk gida ɗaya za a yi, amma an maimaita adireshin sau uku. Rubuta shi sau ɗaya, ka jera ranakun a ƙasa. Lambobin waya ma biyu sun isa. Amma sunayen iyaye, da Alhaji, da Hajiya, da sarautar mutum, wallahi kar ka cire ko ɗaya da kanka. Katin zai dawo maka.

Sai tazarar layi. In girman harafinka point 10 ne (ma'aunin girman rubutu ke nan), tazarar 12 ce daidai, kana iya saukowa 11. Daga nan ka tsaya, don ƙ da ɗ da ɓ dogaye ne, ƙugiyarsu za ta riƙa taɓo wutsiyar y da g na layin sama. Af, ka duba ma ko font ɗin, wato salon harafin, yana da su, don wani sai ya fito maka da ɗan akwati a gurbinsu.

Rage girman harafi shi ne na ƙarshe, ka riƙa rage rabin point a kowane karo, kuma ni ba na sauka ƙasa da 8. Dattijon da za a miƙa wa katin a ƙofar masallaci bayan magariba, shi ma fa yana son ya ga ƙarfe nawa ne ɗaurin auren.

In duk ya ƙi, gaya musu gaskiya: ko a yi amfani da bayan katin, ko a ninka A4 a samu shafi huɗu, kuɗi ya ɗan ƙaru. Ka buga guda ɗaya a girmansa na ainihi ka karanta a hannu, ka ajiye kwafin da za ka iya gyarawa, sannan ka danna Ctrl+Q, wanda ke mayar da rubutun zanen da ba ya gyaruwa da taifin, ka tura wajen bugu.