Amsa ga mai tambaya kan judo: kullum ana kayar da kai?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara koyon judo amma kowa a wurin atisaye kayar da kai yake yi, kana neman mafita.

Fara da faɗuwar tukuna. Ukemi suke ce mata: ka sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ka bugi tabarma da hannu. Wanda ke tsoron ƙasa jikinsa sandarewa yake yi, mai sandararren jiki kuwa ba ya wuyar kayarwa.

Sannan ka rage kwaɗayin dabaru. Biyu sun ishe ka yanzu, o-soto-gari (share ƙafar abokin karawa ta waje) da o-goshi (ɗora shi a kwankwaso ka jefar), ka yi ta maimaita shigarsu har ƙafarka ta san hanya. Tun da Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya kafa makarantarsa ta Kodokan a Tokyo a 1882, ginshiƙin abin shi ne kuzushi, wato ka fara raba mutum da tsayuwarsa kafin ka ɗauke shi. Yawancin sababbi da ƙarfin damtse suke fara ja, nan da nan su gaji.

In ka taɓa kokawar gargajiya, ka kiyaye: kai hannu kai tsaye ga ƙafa an hana shi a gasar judo tun 2010.

A randori, wato atisayen karawa da abokin koyo, nemi waɗanda suka fi ka. In sun kayar da kai, tambaye su ta ina suka shigo.