Cin abinci a fonda a Meziko: me za a kiyaye?

Ka tambaya ko Musulmi zai iya cin abinci a ƙananan gidajen abinci na iyali a Meziko, waɗanda ake kira fonda. Zai iya, amma sai da lura.

Je tsakanin ƙarfe 1 da 4 na rana, lokacin comida corrida: miya, shinkafa, abin sha da babban abinci a farashi ɗaya, ga waina ta masara mai zafi. Riƙe tsabar kuɗi, yawancinsu ba sa karɓar kati.

Babbar matsalar ita ce kitsen alade, wato manteca, domin ba a ganinsa. Ana soya dakakken wake da shi, ana kwaɓa tamales (ƙullun masara da ake turarawa cikin ganye) da shi, a jihar Oaxaca kuma ana shafa shi a kan tlayuda (babbar wainar masara). Ka ce "¿Lleva manteca?" (wato "Akwai kitsen alade a ciki?") kafin a zuba maka. Carnitas, al pastor da chicharrón duk alade ne. Barbacoa ta jihar Hidalgo naman tunkiya ce, sai dai yankan ba na Musulmi ba ne. Kifi ya fi sauƙi, ko da yake wasu na zuba giya a ƙullun suyarsa.

Ruwan famfo kada ka sha. Agua de jamaica kuwa zobonmu ne sak, ka dai tabbatar da ruwan gora aka haɗa shi.