Akori-kura da Tirelar Kwana: Wane Nauyi Ne Ya Yi Yawa?

Tambaya: Ina da akori-kura matsakaiciya mai ƙofa huɗu. Takardar kamfani ta ce tana jan kilo 3,000. Na ga tirelar kwana mai gado da ɗan kicin, an rubuta nauyinta kilo 1,900. Ni da iyalina mu huɗu ne. In saya?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Alƙaluman nan biyu da ka kawo su ne suka fi ruɗin masu saye. Abin da mota ke iya ja daban, abin da take iya ɗauka a kanta daban, kuma a matsakaiciyar akori-kura na biyun ne ke riga ƙarewa. Ƙa'idar SAE J2807, wadda kamfanoni ke bi a Amurka wajen fitar da adadin ja, direba da fasinja ɗaya kawai take lissafawa, kowanne kimanin kilo 68. Babu yara, babu kaya a bodi.

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, ko littafin motar. Za ka ga GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta. GAWR na kowane aksil ne, GCWR kuma na mota da tirela a haɗe. A wasu motocin an rubuta iyakar lodi ƙarara, a wasu sai ka cire nauyin motar daga GVWR.

Mu ɗauka lodinka kilo 550 ne. Manya biyu da yara biyu, kilo 220. Ƙugiya mai raba nauyi, wato mahaɗin mota da tirela mai sanduna, kilo 35. Kayan da ke bodi, kilo 80. Saura 215. To wuyan tirela, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa a ƙugiya, yana danne bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, kuma wannan ma cikin lodi yake.

Ita kuwa kilo 1,900 nauyinta ne babu komai a ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 120 ya ƙara kilo 120 ke nan. Ga batir, ga tukwanen gas, waɗanda galibi a kan wuyan ake ɗaure su, ga tufafi da kayan girki. Kafin ka ankara ta kai 2,300. Kashi 13 na wannan ya kusa kilo 300, alhali 215 ya rage maka. Ka zarce da kilo 85, ko da yake injin bai ma ji a jikinsa ba.

Shawararmu, ka nemi wadda ba ta wuce kilo 1,600 da kayanta ba. In kana duba tirela, yi lissafi da GVWR ɗinta, ka manta da adadin da ke jikin talla.

Tambaya: Idan na ƙara sifirin ko jakar iska a baya, lodin zai ƙaru?

Amsa: A'a. Bayan motar zai daina zaunawa, shi ke nan. Aksil, birki, tayoyi da ƙashin motar suna nan yadda suke, adadin da ke jikin ƙofa ma bai canza ba. Ƙugiya mai raba nauyi ta fi amfani, don tana mayar da wani kaso zuwa tayoyin gaba, sitiyari ya daina sauƙi a hannu. Ita ma ba ta ƙara maka lodi. Ka fara duba littafin motar, akwai kamfanonin da ba su yarda a sa ta a wasu motocinsu ba.

Tambaya: Da zarar na haura kilomita 90 a awa, ko babbar mota ta wuce ni, sai tirelar ta fara lilo. Me ke kawo haka?

Amsa: Ɗan'uwa, abu na farko da muke zargi shi ne wuyan ya yi sauƙi. Mutane kan tura kaya ƙarshen tirela don bayan mota ya ɗaga, nan suke jawo wa kansu. Kimanin kashi 60 na kaya ya kamata ya zauna gaban aksil ɗin tirela, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure tamau. Keke ko janareta da aka rataya a wutsiyarta na iya lalata komai. Sai iskar taya: a auna da safe kafin a motsa, na tirela da na bayan mota. Kuma tirelar ta tsaya sambal, ko gabanta ya ɗan sunkuya. In gaban ya ɗaga, a sauke ƙwallon ƙugiya.

Kada ka tsaya kintace. Je sikelin auna manyan motoci da iyali da kaya kamar ranar tafiya. Auna motar ita kaɗai. Haɗa tirela, sandunan raba nauyi a sake, ka sake auna motar, tayoyin tirela ba sa kan sikeli. Bambancin shi ne nauyin wuya. Daga nan ka auna su gaba ɗaya ka gwada da GCWR.

In lilon ya kama ka a hanya, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari tsaye, ka matsa birkin tirela da hannu daga na'urar sarrafa birkinta da ke gabanka. Taka birkin mota da ƙarfi ko karkata sitiyari don gyarawa ƙara abin yake yi.

Tambaya: Tirela ƙarama ma sai da birkinta?

Amsa: Mai nauyi irin na tirelar kwanan da muka lissafa, dole. A ƙasashen Turai duk wadda ta wuce kilo 750 sai da birki, kuma motoci irin su Hilux adadin da suke yarda a ja babu birki ke nan. A Amurka kowace jiha da iyakarta. Birkin lantarki na buƙatar soket mai fil bakwai da na'urar sarrafawa a cikin mota. Gwada shi a fili da gudun kilomita 30 zuwa 40: ƙara ƙarfinsa har tayoyin tirela su kusa kullewa, sannan ka ɗan rage. Ƙwallon ƙugiya ya dace da bakin tirela daidai, don milimita 50 da inci 2 ba ɗaya ba ne, ko da ido ya ce haka. Sarƙoƙi biyu a gicciye ƙarƙashin wuya, igiyar birkin gaggawa kuma a jikin motar ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba.

A doguwar gangara sa ƙaramar giya tun daga sama, injin ya riƙe motar. Taka birki sosai na ɗan lokaci, saki ya huce, sake takawa. Ɗora ƙafa a kai babu sassauci shi ke ƙona shi. A hawa kuma giyabos ne ke shan wuya, saboda haka in motarka na da maɓallin jan kaya ka kunna, kuma ka rage tazarar canjin man giya kamar yadda littafin ya tsara wa aiki mai nauyi.